Ina aka ɗaura auren? Bin sawun ma'aurata 'yan Ireland daga Liverpool zuwa ƙauyen amarya

Tambaya: Ina zaune a Liverpool, matata kuma 'yar garin ce, amma danginta daga Ireland suka zo, 'yan ɗarikar Katolika. Yaranmu sun fara tambayar tushensu ta wajen uwa, shi ya sa muka shiga bincike. Mun samo kakannin kakan mahaifinta a ƙidayar jama'a ta 1881. Mijin lebura ne a tashar jiragen ruwa, kuma shi da matar "Ireland" kawai aka rubuta musu a wurin haihuwa. Babbar 'yarsu shekararta 16, haifaffiyar Ireland. Mai bi mata shekararsa 12, shi da sauran ƙannen duk a Liverpool aka haife su. Mun duba rajistar aure ta Ingila ba mu ga komai ba. Ta yaya za mu gano inda aka ɗaura musu aure? Wasu sun ce mana takardun Ireland duk sun ƙone.

Amsa: Malam, abin da ke hannunku ya fi yadda kuke zato. Ƙidayar 1881 daren 3 ga Afrilu aka yi ta, saboda haka yarinyar da aka ce shekararta 16 an haife ta ne tsakanin Afrilun 1864 da Afrilun 1865, in dai wanda ya faɗi shekarun bai yi kuskure ba. In ita ce 'yar fari, auren ya faɗo ke nan wajen 1862 zuwa 1864, don a karkarar Ireland ta wancan zamani haihuwar fari ba ta cika wuce shekara ɗaya ko biyu bayan biki ba. Wannan ɗan tsakanin kuwa shi ne duk wahalar aikinku. Ranar 1 ga Janairun 1864 ne gwamnati ta fara rubuta auren Katolika a Ireland, tare da haihuwa da mutuwar kowa da kowa. Auren waɗanda ba Katolika ba tun Afrilun 1845 aka fara rubuta shi. To in bikin nan a Fabrairun 1864 aka yi shi, akwai takardar gwamnati mai ɗauke da sunan cocin da sunayen iyaye maza, kuma kyauta za ku gan ta. In kuwa Fabrairun 1863 ne, ba abin da ya rage sai littafin da limamin coci ya rubuta da hannunsa, shi kuwa ba ka isa gare shi sai ka san ƙauyen.

Maganar gobara gaskiya ce, amma an yi mata ƙari. Ranar 30 ga Yunin 1922, a farkon yaƙin basasar Ireland, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke harabar Four Courts a Dublin ta tashi da wuta. Ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851 ta salwanta a ciki in ban da 'yan gutsattsari, haka wasiyyoyi na ɗaruruwan shekaru, da littattafan cocin Angilika na gundumomi kusan dubu (gunduma a nan ita ce yankin da limamin coci ke kula da shi). Ƙidayar 1861 da ta 1871 gwamnati ce da kanta ta lalata su tun kafin nan, ta 1881 da ta 1891 kuma aka niƙa su lokacin yaƙin duniya na farko saboda ƙarancin takarda. Amma littattafan Katolika ba su taɓa shiga wannan ginin ba. Gwamnati ba ta ɗauke su a matsayin takardunta ba, suna nan a hannun limamai a gundumominsu. Rajistar gwamnati ta haihuwa da aure ita ma a wani ofis dabam take, ba abin da ya same ta. Wato abubuwa biyun da kuke nema wutar ba ta taɓa su ba. Abin da ta cinye muku shi ne gajeriyar hanyar gano ƙauyen, sai ku bi ta zagaye.

Shawarar da zan fi jaddadawa ita ce ku saki mijin ku kama matar. Kowa mijin yake bi, saboda sunansa ne ya gangaro har zuwa kan matarka, amma aure a wajen amarya ake ɗaura shi. Yadda a ƙasar Hausa dangin ango ke tasowa su zo ƙofar gidan uban yarinya, haka al'adar Katolikan Ireland take: limamin gundumar amarya ne ke ɗaurawa, a littafinsa kuma ake rubutawa. Ko da kun gano ƙauyen mijin, kuna iya juya littafin gundumarsu daga bango zuwa bango ba ku ga auren ba, alhali yana can a gundumar da ke maƙwabtaka da su. Kuma a tambayarka ban ga ka ambaci sunan gidan uban matar ba, wanda take amsawa kafin aure. In ba ku da shi, nan ne mafari, kuma a Ingila za ku same shi ba a Ireland ba.

Ofishin rajistar haihuwa na Ingila da Wales, wato GRO, yana da jerin sunaye a intanet da ke nuna sunan gidan uwar kowane jariri tun daga 1837. Buɗe asusu kawai ake yi, dubawar kyauta ce. Ku nemi yaran da aka haifa a Liverpool ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ku tsaya a gundumar rajista ta Liverpool kaɗai, don unguwanni irin su Everton da Kirkdale a ƙarƙashin West Derby suke. In yara uku ko huɗu suka fito da sunan uwa iri ɗaya, kun kama shi. Sai dai kada ku sa ran rubutun zai zo daidai. Malamin rajista abin da kunnensa ya ji yake rubutawa, matar da ke gabansa kuma wataƙila ba ta karatu, alamar X za ta dangwala a ƙasan takarda. Haka Keane ke komawa Kane a haihuwar wannan, ya koma Cain a ta wancan. Geraghty ya zama Garrity. O da Mac da ke gaban suna yau a sa su, gobe a yar. In wani yaron bai fito ba sam kada ku damu, kafin 1875 doka ba ta ɗora wa iyaye nauyin kai rahoton haihuwa ba, kuma wasu sun zame.

Daga nan sai ku koma wa ƙidayar Ingila, ku tatse ta sosai. Ku kun ga ta 1881 kaɗai, alhali akwai ta 1871, 1891, 1901, 1911 da 1921. Umurnin da aka bai wa masu ƙidaya a ƙarni na 19 shi ne wanda aka haifa a Ireland a rubuta sunan ƙasar ya isa, amma ba kowane malamin ƙidaya ne ya tsaya a nan ba. Wani zai rubuta "Ireland, Mayo", wato ya haɗa da sunan lardi, wani ma har da sunan gari. Shekara ɗaya tak kuke buƙata da aka dace da irin wannan malamin. Ta 1871 ita ce zan fara buɗewa, saboda za ta gaya muku ko yarinyar nan ita ce ta fari da gaske. In kuka tarar da wani yaro ɗan shekara 9 a gidan, wanda kafin 1881 ya riga ya bar gida neman abinci, to auren ya ja baya zuwa wajen 1860 ko 1861, maganar takardar gwamnati kuma ta tashi.

Kada ku karanta layin iyalinku kawai ku rufe. Ku dubi duk wanda ya kwana a gidan. Tsohuwar da aka rubuta a matsayin surukar maigida uwar matar ce, sunanta shi ne sunan da kuke nema, kuma sau da yawa tsofaffi aka fi rubuta wa lardinsu. Samarin da ke haya a ɗaki ɗaya yawanci 'yan gida ne, ƙannen matar ko 'ya'yan maƙwabta daga ƙauye ɗaya. A ƙidayar 1851 fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Liverpool haifaffun Ireland ne, kuma ba a warwatse suka zauna ba. A lungunan Vauxhall da Scotland Road mutanen yanki ɗaya kan taru wuri ɗaya, na farko ya samo wa na baya ɗaki da aiki. Ku juya shafi biyu gaba, shafi biyu baya. In maƙwabta uku an rubuta musu lardin Roscommon, ku riƙe wannan a matsayin zato mai ƙarfi, ba hujja ba tukuna.

Ƙidayar 1911 dabam take da na baya. Takardar da maigida ya cika da hannunsa ita ce aka ajiye, kuma ta nemi duk wanda aka haifa a cikin masarautar, wadda a lokacin Ireland na cikinta, ya faɗi lardi da gari. Ta kuma tambayi matan aure shekara nawa aurensu ya yi, 'ya'ya nawa suka haifa da rai, nawa ke raye, nawa suka rasu. In tsohuwar ta kai 1911, tana wajen shekara 70 ke nan, wannan amsar za ta ba ku shekarar auren kusan kai tsaye. Ko mijin ya riga ya rasu ku duba, don zawarawa da yawa sun cika gurbin duk da ba su aka tambaya ba, jami'i ya soke da jan alƙalami, amma rubutun na karantuwa ta ƙarƙashi. In kuma iyayen ba su kai ba, babbar 'yar ita ce makullinku. A 1911 shekararta 46, a 1921 kuma 56, kuma a duka biyun an tambaye ta inda aka haife ta. Ku nemo aurenta a FreeBMD, shafin intanet na kyauta mai jerin sunayen rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta Ingila da Wales, don ku san sunan mijinta, sannan ku neme ta da sabon sunan. Mutane da yawa na tsallake ta saboda ba ta tsatsonta suka fito ba, alhali ita kaɗai ce cikin yaran aka haifa a can gida.

Ita ɗin dai za ku bi zuwa Ireland. Tunda bayan Janairun 1864 aka haife ta, ya kamata haihuwarta ta kasance a rajistar gwamnati, kuma hotunan wannan rajista suna shafin irishgenealogy.ie kyauta: haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce shekara 75. Takardar haihuwa tana ba da sunan uba da sana'arsa, sunan uwa da na gidan ubanta, da ainihin 'yar unguwar karkarar da aka haihu. Matsalar ita ce in sunanta Mary ko Bridget ne, sunan gidan kuma Murphy ko Kelly, za ku ga jarirai da dama masu suna iri ɗaya a shekara ɗaya. Dabarar ita ce ku shiga shafin binciken tushen dangi na FamilySearch, inda aka kwafe yawancin haihuwar shekarun farko tare da sunayen iyaye biyu, ku bar gurbin sunan jariri babu komai, ku sa sunan uba da na uwa kawai. Wannan kan fito har da yaran da ba ku san da su ba. In ranar haihuwar ta saɓa da ta littafin coci kada ku rikice. Akwai tara ga wanda ya makara kai rahoto, saboda haka iyaye kan matso da ranar gaba, har ka ga jaririn da aka yi wa baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, makonni kafin ranar da gwamnati ta ce an haife shi. A irin wannan, littafin coci ne mai gaskiya.

Akwai wani abu a tambayarka da ya tsaya mini a rai: shekara huɗu tsakanin babbar da mai bi mata. A gidan Katolika na wancan lokaci, inda ake haihuwa kusan duk bayan shekara biyu, wannan giɓi ne. Ko dai mijin ya riga ya yi gaba neman aiki ya bar matar a gida, ko an haifi ɗaya ko biyu sun rasu, ko kuma sun ya da zango a wani wuri kafin Liverpool. Na ukun nan shi ne nake yi muku fata, in wurin Scotland ne. Takardar haihuwa ta Scotland, a 1855 sannan daga 1861 zuwa gaba, tana rubuta rana da wurin da iyayen jariri suka yi aure, ko da a wata ƙasa ne. Jariri ɗaya da aka haifa a Glasgow ko Greenock ko Dundee, ko da kwana uku ya yi a duniya, zai amsa muku tambayar nan a layi ɗaya. Duba jerin sunaye a ScotlandsPeople, shafin rajistar gwamnatin Scotland, kyauta ne, hoton takardar ake biya, kuma kuɗin ba yawa.

Kafin ku tattara ku ƙetare teku, ku sake duba Ingila da sunan matar a hannu. Haihuwar 'yar fari a Ireland ba ta tabbatar da cewa a can aka yi aure ba. Jirgin ruwa tsakanin Dublin da Liverpool yana da araha ga mai tsayawa a saman jirgi, mace kuma na iya komawa wajen uwarta ta haihu ta dawo. A FreeBMD ku nemi sunan ango da na amarya daga 1858 zuwa 1866, da kowane irin rubutu da sunayen ke iya ɗauka. In su ne, lambar littafi da lambar shafi za su zo iri ɗaya ga su biyun. Kada ku ƙi wani sakamako don kun ga cocin Angilika ne. Talakawan Katolika da yawa a Liverpool a St Nicholas ko St Peter suka yi aure, don a nasu cocin sai an kira jami'in rajista ya halarta, shi ma a biya shi. Littattafan cocin Katolika na garin, irin su St Anthony a Scotland Road da St Patrick a Park Place, suna ma'ajiyar tarihi da ke babban ɗakin karatu na William Brown Street, kuma da yawansu na kan shafin binciken tushen dangi na Ancestry. Ko ba ku ga auren a ciki ba, ku kwafe sunayen waɗanda suka tsaya wa kowane yaro a baftisma. Yawanci 'yan'uwan uwa da uba ne, kuma za ku buƙace su nan gaba.

Mu ɗauka kun samo sunan wuri. A nan ne mutane ke ɓacewa, domin Ireland kashi-kashi ce a kan kashi-kashi. Akwai larduna 32. Akwai ƙananan unguwannin karkara da suke kira townland, sun haura 60,000, wasu gida biyar ne kawai, kuma suna ɗaya kan maimaitu a larduna da yawa. Akwai gundumomin mulki wajen 2,500 da suka bi tsarin cocin Angilika, akwai kuma gundumomin cocin Katolika, waɗanda iyakarsu da sunansu sukan bambanta da na farko. Rajistar gwamnati ita kuma ta bi yankunan hukumar kula da matalauta, masu ɗaukar sunan garin kasuwa, kuma suna ƙetare iyakar lardi. Saboda haka in takarda ta ce Ballina ko Boyle, ba lallai cikin garin ake nufi ba, yanki ne mai faɗi. Abin da kuke so shi ne ku tashi daga sunan 'yar unguwar ku gano gundumar Katolika da ta ƙunshe ta. Shafin johngrenham.com da taswirar da ke shafin babban ɗakin karatu na ƙasar Ireland suna yin wannan aikin.

Wannan ɗakin karatun ne ya ɗauki hoton littattafan gundumomin Katolika sama da dubu a shekarun 1950 da 1960, har zuwa shafukan wajen 1880, ya kuma sa su a intanet kyauta a Yulin 2015, a registers.nli.ie. Hotuna ne zalla, babu gurbin neman suna. Shafukan Findmypast da Ancestry sun yi musu jerin sunaye, shafin RootsIreland kuma na da nasa kwafin da ake biya. Ku yi amfani da su, amma ra'ayina shi ne kada ku yarda da "babu" daga bakin jerin sunaye. Wanda ya kwafa daga dishi-dishin hoto yake karanta rubutun limamin da ya mutu shekara 150 da suka wuce, a harshen Latin, da sunayen da bai saba ji ba. Ku buɗe shafin da kanku. Ba aiki ne mai yawa ba, don auren shekara guda a gundumar karkara bai cika wuce shafi kaɗan ba.

Ku fara da Janairu da Fabrairu. A wancan zamani coci ba ya ɗaura aure cikin azumin kwana 40 da ke gabanin Ista, saboda haka karkara kan yi rububin biki a makonnin da ke gabansa. A 1863 azumin ya kama ranar 18 ga Fabrairu, a 1864 kuma ranar 10 ga Fabrairu. Za ku ga kwanakin da ke dab da waɗannan ranaku a cunkushe, layi a kan layi, rubutun limami na ƙara lalacewa yayin da yake gangarowa ƙasan shafi, sannan Maris ya zo kusan fayau. Layin kansa gajere ne: kwanan wata, sunan ango, "et" (wato "da" a Latin), sunan amarya, wani lokaci "de" da sunan unguwarsu, sai "testes" da sunayen shaidu biyu. A gefe ana iya ganin kuɗin da aka biya limami, fam da sule. Sunan yanka ne kaɗai ake mayarwa Latin, sunan gida yana nan yadda yake. James zai zo Jacobus, William Gulielmus, John Joannes, Denis Dionysius, Nora kuma Honoria. Matar da Liverpool ta sani da Delia tana iya zama Brigida a nan. In kuka ga an ƙara wani abu mai kama da "in 3 et 4 grad. consang.", izini ne aka bayar saboda ango da amarya dangi ne, kuma wannan labari ne mai daɗi gare ku, don yana nufin gidajen biyu daga wuri ɗaya suke.

Ganin sunaye biyu da suka dace bai isa a yi murna ba. A lardi ɗaya ana iya samun ma'aurata biyu ko uku masu suna iri ɗaya cikin shekara biyar, kuma bishiyoyin dangi da ke yawo a intanet cike suke da auren da aka ɗauko don kawai ya yi kama. Gwaji na farko: ku bi ma'auratan gaba a littafin baftisma na gundumar. In sun ci gaba da haihuwa a can a 1869 da 1872 da 1875, lokacin da naku ke haihuwa a Liverpool, ba su ba ne, komai kyan dacewar. Naku ya kamata su haifi 'yar nan, wataƙila da ɗaya ko biyu, sannan su ɓace daga littafin. Gwaji na biyu shi ne shaidun. In wanda ya tsaya shaida a ƙauye shi ne ya sake fitowa a St Anthony yana tsaya wa jariri bayan shekara bakwai, magana ta ƙare. Al'adar sa suna ma na taimakawa: ɗan fari kan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari kuma sunan kakarta ta wajen uwa. Al'ada ce ba doka ba, amma in auren daga 1864 zuwa gaba ne kuma takardar gwamnati ta ba da sunayen iyaye maza, ku gwada su da sunayen samarin gidan na 1881.

Yana yiwuwa ku isa gundumar ku tarar littafin bai kai shekarar ba. A birane irin su Dublin da Cork da Waterford akwai littattafan da suka faro tun ƙarni na 18, na garin Wexford ma tun 1671. Yawancin karkara daga wajen 1820 zuwa 1830 suka fara. Amma a yammacin ƙasar, wuraren Mayo da Donegal, inda talauci ya fi tsanani kuma hijira ta fi yawa, akwai gundumomin da littafin aurensu bai fara ba sai bayan 1860, ko kuma ya fara ya yanke na wasu shekaru. In haka ta faru, sai a koma ga kafa hujja ta gefe. Kundin kimanta filaye na Griffith, wanda aka buga tsakanin 1847 da 1864, ya jera sunan duk mai riƙe da gida ko gona unguwa-unguwa, kuma yana shafin Ask About Ireland kyauta. Ku nemi inda sunan gidan mijin da na matar suka zauna kusa da juna, don mutumin da ke tafiya a ƙasa ba ya neman aure da nisa. Akwai kuma takardun fansho. Da aka fara biyan fanshon tsufa a Janairun 1909 ga masu shekara 70, waɗanda aka haifa kafin 1864 ba su da takardar haihuwa, sai aka riƙa duba musu ƙidayar 1841 da 1851 don tabbatar da shekaru. Ƙidayar ta ƙone, amma takardun neman sun tsira, ɗauke da sunan uba da na uwa da unguwar da iyalin ke zaune. In wani wa ko ƙanen amaryar ya nema, kun samu gidansu. Wannan fanshon ne ma ya sa za ku ga mutum a ƙidayar Ireland ta 1901 yana da shekara 55, a ta 1911 ya zama 72.

Wani abu kuma game da kalmar "inda" a tambayarka, tunda na san yaran za su so a nuna musu gini. Littafin coci gunduma yake nunawa, ba lallai gini ba. Kafin taron manyan limamai da aka yi a garin Thurles na Ireland a 1850, aure a gidan uban amarya ko gidan limami aka fi ɗaura shi a karkara. Taron ya matsa a mayar da shi cikin coci, amma canjin bai zo ko'ina rana ɗaya ba. Ga shi kuma gunduma ɗaya kan kasance da ƙananan coci biyu ko uku a ƙarƙashin littafi ɗaya, limami bai damu ya faɗi wanne ba. Takardar gwamnati ta 1864 zuwa gaba ce kaɗai ke ambatar ginin da sunansa. In ba ku da ita, ku ɗauko taswirar gwamnati ta farko mai inci shida ga mil, wadda aka auna tsakanin 1829 da 1842, tana intanet kyauta, ku nemi unguwar amaryar, ku ga wurin da aka rubuta "R.C. Chapel", wato cocin Katolika, mafi kusa da ita. Sannan ku binciki shekarar da aka gina cocin da ke tsaye a wurin yau, don da yawansu an rushe an sake ginawa a ƙarshen ƙarni na 19, wasu a wani fili dabam. Asalin littafin yawanci yana nan a ofishin gundumar. In za ku rubuta musu, ku ba da cikakken kwanan wata da sunaye yadda suke a shafin, ku tambaya ko akwai wani rubutu a gefe da hoton bai kama ba, ku kuma haɗa da ɗan abin sadaka ga cocin, don limami ɗaya ne ko sakatariya ɗaya ke amsa irin waɗannan wasiƙu bayan sauran aikinsu.